Bokitina a S3 ya ƙi karɓar izinin "kowa ya gani", in buɗe shi ne?

Tambaya

Assalamu alaikum, Injiniya. Ina gina wa wata makarantar kuɗi a nan Katsina manhajar da iyaye za su riƙa duba sakamakon 'ya'yansu ta waya. Takardun sakamako, hotunan yara da rasit na kuɗin makaranta duk a Amazon S3, ma'ajiyar fayiloli ta intanet, nake zuba su, cikin rumbun da ake kira bokiti. Na bi wani darasi a YouTube, ina saka `ACL="public-read"` duk sanda zan ɗora fayil, sai ya dawo mini da `AccessControlListNotSupported`. Da na cire layin fayil ya hau, amma in uba ya danna sai ya ga `AccessDenied`. Wani abokina ya ce in shiga in kashe makullan hana jama'a shiga, magana ta ƙare. Ranar Alhamis ake ba da hutu. Ina mafita?

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa aikin albarka. Ka bar makullan nan yadda ka same su. Shawarar abokin naka ma ba za ta fisshe ka ba, domin saƙon farko ba daga makullan hana jama'a ya fito ba, daga wani saiti ne daban, na mallakar fayiloli, kuma sai ka sauya shi ma kafin layinka ya wuce. In ka dage ka sauya duka biyun, uba zai ga sakamakon ɗansa, wannan gaskiya ne. Amma duk mai waya a duniya da adireshin ya faɗo hannunsa shi ma zai gani.

Darasin da ka bi tsoho ne, a zamaninsa daidai yake aiki. Amazon ta fito da S3 a watan Maris na 2006, kuma a lokacin da ACL ake ba da izini, wato wani ɗan jerin sunaye da ake liƙa wa kowane bokiti da kowane fayil, a rubuta wane zai karanta, wane zai sauya. IAM, wato tsarin Amazon na raba wa masu amfani izini, da dokar bokiti, wadda ake rubutawa a kan bokitin gaba ɗaya, daga baya suka zo. Masu rubuta manhaja suka saba liƙa `public-read` a kan komai saboda shi ke kashe kuskure nan take, har zuwa 2017, shekarar da asiri ya riƙa tonuwa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi amo shi ne na watan Yuni, da aka tarar da bayanan masu jefa ƙuri'a kusan miliyan 198 na Amurka zube a bokitin wani kamfanin nazarin harkar zaɓe, ba kalmar sirri ba komai. Ba wanda ya fasa Amazon, masu kayan ne suka bar ƙofa a buɗe. A Nuwamban 2018 aka kawo makullan nan huɗu na hana jama'a, a ƙarshen 2021 aka kawo damar kashe ACL ɗungurungum, sannan daga Afrilun 2023 duk sabon bokiti yana zuwa ne makullansa a kulle, ACL a kashe. Naka sabo ne, shi ya sa ya ce maka ba ya jin wannan yaren.

Duk da haka gara ka san ACL ɗin, don wata rana za ka gaji tsohon bokiti daga hannun wani. Izini biyar gare shi: `READ`, `WRITE`, `READ_ACP`, `WRITE_ACP` da `FULL_CONTROL`. Tun daga nan rikici ke farawa, domin `READ` a kan fayil na nufin sauke shi, a kan bokiti kuwa na nufin ganin sunayen duk abin da ke ciki. Mutum zai ba da shi yana tunanin na farko, ashe na biyu ya bayar. Sai tarkon da ya fi kama masu hankali, wato `authenticated-read`. Na taɓa karɓar aikin wata ƙungiyar manoma, na tarar wanda ya riga ni ya sa wannan a kan hotunan katin shaidar mambobi. Yaron ba sakarai ba ne, ya guje wa `public-read` da gangan, ya ɗauka wannan na nufin waɗanda suka shiga manhajarsu. Alhali ma'anarsa duk wani mai asusun AWS, wato sashen Amazon da ke riƙe da S3, a faɗin duniya, asusun da kowa zai iya buɗewa yau da katin banki.

Bayan wannan akwai halayensa guda biyu da ke ba da wahala. Kiran `PutObjectAcl` ba ƙari yake yi ba, share tsohon jerin yake ya kafa wanda ka aika, don haka in kana so ka ƙara mutum ɗaya sai ka fara karanto jerin da `GetObjectAcl`, ka ƙara shi, ka mayar da duka. Kuma izinin ba ya bin suna, fayil yake bi: in malami ya gyara maki aka sake ɗora takarda da suna iri ɗaya, sabuwar ta dawo a rufe sai an sake faɗa. Yanzu ka ɗauka makarantar tana da ɗalibai 600, zango uku a shekara. Takardu 1,800 ke nan duk shekara, kowace da kwaɗonta. Ranar da shugaban makaranta ya tambaye ka waɗanne ne a buɗe, ba ka da amsa sai ka bi su ɗaya-ɗaya kana tambaya.

A gidajenmu ba a sa wa kowace tukunya kwaɗo. Zaure ake yi. Baƙo ya yi sallama ya tsaya nan, abin da ya zo nema a aiko yaro ya miƙo masa, cikin gida kuwa ba shiga. Haka za ka tsara naka. Fara da raba kayan gida biyu. Tambarin makaranta, jadawalin zango, fom ɗin neman gurbi, waɗannan kayan zaure ne, ko a bangon Ƙofar Ƙaura aka manna su ba wanda zai cutu. Sakamako, hoton yaro da rasit kayan cikin gida ne. Ka yi musu bokiti biyu daban, kada ka haɗa su a bokiti ɗaya kana raba su da folda. Ana iya yin hakan, amma kuskuren alamar tauraro ɗaya a cikin doka ya isa ya mayar da ɗaka ta zama zaure.

To ta yaya uba zai ga takardar da ke cikin rufaffen bokiti? A nan ne yawancin masu farawa ke ɓata. S3 bai san iyayen yara ba, kuma ba zai taɓa saninsu ba. Bai san Alhaji wane ne mahaifin ɗalibi mai lamba 014 ba. Sabarka, wato kwamfutar da manhajar ke magana da ita, ita ce ta sani, tunda a wurinta uban ya shiga da lambar wayarsa da kalmar sirri. Saboda haka ita za ta yanke hukunci. Uba ya danna "duba sakamako", saba ta duba rumbun bayanai ta tabbatar ɗan nasa ne, sannan ta yanka masa adireshi mai sa hannu, wanda ke aiki na ɗan lokaci ya mutu. Da boto3, kayan aikin Python na magana da AWS, abin bai wuce haka ba:

```python
adireshi = s3.generate_presigned_url(
    "get_object",
    Params={"Bucket": "makaranta-sirri", "Key": sunan_fayil},
    ExpiresIn=300,
)
```

Daƙiƙa 300, minti biyar. Bokitin na nan a kulle, ba ka taɓa ACL ba, ba ka kashe ko makulli ɗaya ba, kuma uba ya ga takardarsa. Ko macijin rijiyar Kusugu a Daura, kamar yadda labarin ya zo, bai hana ruwa ɗungurum ba, rana ya sa wa ɗiba.

Ka fahimci abin da wannan kiran ke yi, don zai rage maka ciwon kai. Ba ya zuwa wurin Amazon ko kaɗan. A cikin sabarka yake haɗa adireshin, ya sa masa hannu da mabuɗin sabar. Ba ya duba ko fayil ɗin na nan, ba ya duba ko kana da izini. Zai ba ka adireshi tsaf ko da sunan fayil ɗin ƙarya ne. Sai lokacin da aka danna ne S3 zai duba sa hannun, ya duba lokaci, ya tambayi kansa ko wanda ya sa hannun yana da ikon karanta wannan fayil a yanzu. Wato mai riƙe da adireshin aron rigar sabarka ya yi.

Daga nan abubuwa uku ke fitowa. Duk wanda ya riƙe adireshin zai buɗe, ko ba uban ba ne. Kai ma ka san mu, kafin a jima an tura shi zauren WhatsApp na dangi ana ta barka. Shi ya sa nake son minti biyar, ba kwana bakwai ba, ko da yake kwana bakwai ne iyakar da aka yarda, daƙiƙa 604,800. Uban da ya ga dama ya sauke takardar ya tura wa wanda yake so, wannan hakkinsa ne. Abin da ba ma so shi ne ƙofa ta zauna a buɗe mako guda. Kuma kada ka ajiye adireshin a rumbun bayanai, sunan fayil kawai za ka ajiye, ka yanka sabon adireshi duk sanda aka nema. Sannan in sabarka da mabuɗin wucin gadi take aiki, adireshin zai mutu tare da mabuɗin ko da ka rubuta masa mako. Na ƙarshe shi ne agogo. Sa hannun yana ɗauke da lokaci, in agogon kwamfutarka ya kauce sai ka ga adireshi ya mutu tun kafin a haife shi, ko kiran API ya dawo da `RequestTimeTooSkewed` in saɓanin ya wuce minti 15. Tsohuwar kwamfutar da batirin agogonta ya mutu, ga wuta ana ɗaukewa ana kawowa, ta sha sa mutane kwana suna zargin izini alhali agogo ne.

Amma duk wannan banza ne in binciken da ke sabarka ya yi rauni, kuma nan nake so ka fi zuba ido. In manhajar wayar ce ke aiko da lambar ɗalibi, saba kuma ta yanka adireshi ba tare da ta tabbatar ɗan mai tambayar ne ba, to ka gina katanga ka bar tsaga. Yaro ɗan aji biyar mai wayo zai mayar da 014 ta koma 015, sabarka da kanta ta miƙa masa sakamakon abokinsa da sa hannunta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tambayar da saba za ta yi ba "ya shiga manhaja?" ba ce kawai, har da "wannan yaron nasa ne?" Ka ƙara da sa wa fayiloli sunan da ba a iya cankawa, dogayen baƙaƙe da lambobi barkatai maimakon sunan yaro da ajinsa. Wannan ba ya maye gurbin izini, amma yana hana sunan yaro yawo a cikin adireshi.

Ita kanta sabar tana buƙatar izini, kuma a IAM ake ba ta. Ka ba ta daidai abin da take buƙata:

```json
{
  "Version": "2012-10-17",
  "Statement": [{
    "Effect": "Allow",
    "Action": ["s3:GetObject", "s3:PutObject"],
    "Resource": "arn:aws:s3:::makaranta-sirri/*"
  }]
}
```

Kwanan watan da ke sama ba ranar da ka rubuta ba ce, sigar harshen dokar ce, kada ka mayar da shi na yau. Lura da `/*` na ƙarshe. Da shi kana maganar fayilolin da ke ciki, in babu shi kana maganar bokitin kansa. Ayyukan fayil suna son na farko, `s3:ListBucket`, izinin ganin jerin sunayen fayiloli, yana son na biyu, kuma rabin saƙonnin 403, wato `AccessDenied`, da ake kawo mini daga wannan cakuɗewar suke. Akwai wani hali da ke tattare da shi: in ba ka da `s3:ListBucket` ka nemi fayil ɗin da babu shi, S3 ba zai ce maka 404, wato babu fayil, ba, 403 zai ce, don ba ya son gaya wa baƙo abin da ke ɗaka da abin da babu. Sai ka yini kana gyara doka alhali harafi ɗaya ka kuskure a sunan fayil. Ka ga ban saka `s3:DeleteObject` ba, da gangan ne. Manhajar nuna sakamako ba ta da dalilin gogewa.

In sabar a kan AWS take, kada ka ba ta mabuɗi na dindindin, ka naɗa mata muƙamin IAM. Kamar rawani ne, ikon na muƙamin ne, wanda aka naɗa yana amfani da shi, mabuɗan kuma suna sabunta kansu. In a wani kamfanin take, dole ka yi mabuɗi, to ka yi shi a kan mai amfani na musamman da ba shi da komai sai wannan dokar. Mabuɗin tushen asusu kada ka ƙirƙire shi ma. Kuma ko da wasa kada mabuɗi ya shiga cikin manhajar Android ko JavaScript na burauza, duk abin da ya sauka a wayar mutum ya zama nasa, zai iya warware shi. GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhaja, ma haka, akwai injinan da ba su da aiki sai sintirin neman irin waɗannan mabuɗai, kuma da dala ake biyan kuɗin ɓarnar da za su yi.

Ranar da 403 ya tare ka, ka tuna da yadda ake yanke hukuncin. Asali komai a hane yake. Izini ɗaya daga IAM ko daga dokar bokiti ya isa ya buɗe, in duk a asusu ɗaya kuke. In daga wani asusun ne, sai ɓangarorin biyu sun amince. Amma `Deny` ɗaya da aka rubuta ƙarara, a ko'ina yake, ya rinjayi izini ko nawa ne. Ka fara da `aws sts get-caller-identity` ka ga da wace riga kake magana, sau da yawa ba wadda kake zato ba ce. In fayilolin da mabuɗin KMS, ma'ajiyar mabuɗan sirri ta AWS, aka rufe su, mai karantawa na buƙatar `kms:Decrypt` bayan izinin S3. Rufin da Amazon ke yi wa kowane sabon fayil da kanta tun Janairun 2023 ba ya neman wannan, kuma ba ya hana kowa karantawa in ka buɗe bokiti, kada a ruɗe ka da cewa ai a rufe suke. CORS kuma ba izini ba ne, ladabi ne tsakanin burauza da shafuka. Zai iya hana shafinka ɗauko fayil, amma ba zai hana ɓarawo ba.

Rasit da iyaye za su ɗora, hanyar ɗaya ce aka juya ta. Saba ta zaɓi sunan fayil da kanta, ta yanka izinin ɗorawa da `generate_presigned_post`, ta sa sharaɗin `content-length-range`, misali kada ya wuce megabait biyar. In ba ka sa iyaka ba wata rana za a zuba maka bidiyon biki.

Bokitin zaure ba shi da dogon bayani. Ko dai ka sassauta makullan da suka shafi doka a kansa shi kaɗai, ka rubuta dokar bokiti mai ba kowa `s3:GetObject` ban da jeri, ko kuma ka bar shi a kulle ka sa CloudFront, hidimar Amazon mai rarraba fayiloli, a gabansa ka ba shi kaɗai izinin karantawa. Na biyun na fi so, don yana barin ka kulle makullan huɗu a matakin asusu gaba ɗaya, ta yadda ko kai ka yi kuskure da tsakar dare ba zai wuce ba. Yana kuma kawo hotuna kusa, tunda yana da tasha a Legas. In a yankin Cape Town ka buɗe bokitin, wato `af-south-1` da aka buɗe a 2020, ka faɗa wa boto3 sunan yankin ƙarara lokacin da kake haɗa `s3`, domin sunan yankin na cikin sa hannun.

Ban ce ACL ya mutu ko'ina ba. Wasu kamfanonin da ke jin yaren S3, irin DigitalOcean Spaces, har yanzu suna karɓar `private` da `public-read`, wasu irin Cloudflare R2 ba sa aiki da shi. Google Cloud Storage yana da nasa saitin na kashe izinin fayil-fayil, kuma yana da irin wancan tarkon da sunan `allAuthenticatedUsers`. Azure na ba da adireshi mai wa'adi da suke kira SAS. Tsarin da na ba ka zai bi ka duk inda ka ƙaura.

Akwai kuma doka. Tun Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, kuma hukumar NDPC ke kula da ita. Bayanan yara sai da yardar iyaye ko mai riƙonsu, kuma in bayanai suka zube ta yadda za su iya cutar da masu su, mai alhakinsu yana da awa 72 ya sanar da hukumar. Makarantar ce mai alhakin, kai mai sarrafawa ne a madadinta, amma ka san wanda za a fara kira. Ko ba doka, garin nan ƙarami ne. Yarinya ta faɗi lissafi a ga takardarta tana yawo a wayoyin unguwa, ba makarantar kaɗai za ta ji kunya ba.

Game da Alhamis, aikin bai kai yini ba tunda fayilolinka sun riga sun hau a rufe. Goge layin ACL gaba ɗaya, rubuta hanyar da za ta bincika uba da ɗa sannan ta yanka adireshi, ka rage ikon sabar zuwa waccan dokar. Daren Laraba ka ari wayar wani a gida, wadda ba ta taɓa shiga manhajar ba. Buɗe adireshin fayil tsurarsa ba sa hannu, ya kamata ka ga `AccessDenied`. Shiga da asusun uba ɗaya ka nemi lambar ɗan wani, ya kamata sabarka ta ƙi. Sannan ka kwafi adireshi mai sa hannu, ka je ka yi sallar Isha'i, ka dawo ka danna shi. In ya ce `Request has expired`, ka kira shugaban makaranta ka ce a tura wa iyaye saƙo.